Kabewar Gado: A Wuyanta Ake Gane Ta

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kabewar da ke fitowa a kan juji da farkon damina, ta bi danga ta haye rufin ɗaki, ba wanda ya saye irinta a kanti. Wata tsohuwa ce ta shanya 'ya'yan ta bara, ta cuɗe su da toka, ta ɗaure a tsumma. Irin wannan kabewar da ake miƙa irinta daga hannu zuwa hannu, shekara da shekaru, ita ce kabewar gado, kuma a Turai da Amurka yau akwai masu neman irinta ruwa a jallo.

Asalinta ba na nan ba ne. A wani kogo da ake kira Guilá Naquitz, a kudancin Meziko, an tono 'ya'yan kabewar noma masu kimanin shekara 10,000. Mutanen can suna haɗa ta da masara da wake a gona ɗaya: waken ya hau karan masara, kabewar ta shimfiɗa ganye ta rufe ƙasa, ta riƙe laima, ta danne ciyawa. Sai bayan 1492 jiragen Turawa suka yaɗa ta zuwa sauran duniya. Kada a rikita ta da duma, wanda ake fafe ƙwarya da shi. Shi tsohon ɗan Afirka ne, furensa fari kuma da yamma yake buɗewa, nata ruwan ɗorawa ne, na safiya.

Manyan dangoginta uku ne, kuma launi ko girma ba sa raba gardama. Wuyan da ya haɗa ta da yaɗo ake dubawa. In wuyan mai tauri ne, mai kusurwa biyar da 'yan ƙayoyi, dangin pepo ke nan. Cikinsu har da Connecticut Field, wadda Amurkawa ke sassaƙa wa fuska a bikin Halowin. Kyan ɗan maciji gare ta, ruwa da zare sun yi mata yawa, ba ta miya ba ce. In wuyan kewayayye ne, mai laushi kamar totuwa, dangin maxima ne, irin su Rouge Vif d'Étampes ta Faransa mai ja jawur, da Jarrahdale ta Ostireliya mai launin toka. In kuwa wuyan mai tauri ne ya baje kamar tafin ƙafa a inda ya dafe kabewar, to moschata ce. Ga mai noma a ƙasa mai zafi, ni wannan zan zaɓa masa, don ta fi jure rana da tsutsar da ke huda yaɗo. Musquée de Provence da Long Island Cheese duk 'yan gidan ne, haka ma wadda ƙabilar Seminole suka daɗe suna nomawa a Florida.

Nomanta ba wuya: rami mai takin gida da ya ruɓe sosai, ƙwaya uku ko huɗu a bar biyu masu ƙarfi, tazarar taku uku, sai jiran wata uku zuwa huɗu. Inda aikin yake shi ne tsare irin. Kowane yaɗo yana da fure namiji da mace, ita macen ana gane ta da 'yar ƙaramar kabewa a gindinta, kuma ƙudan zuma ne ke kai mata garin namijin. Ƙudan bai san iyakar gona ba. In maƙwabci ya shuka wata kabewa 'yar dangi ɗaya da taka, ta bana za ta fito yadda ka santa, amma 'ya'yan da ka ajiye za su ba ka mamaki baɗi. Maganin abin shi ne da yamma ka ɗaure bakin furen mace da na namiji waɗanda za su buɗe gobe, da sassafe ka tsinko namijin, ka cire masa ganyen fure, ka shafa garin a cikin macen, ka sake ɗaure ta, ka sa mata alama da zare. Daga wannan kabewar kaɗai za ka ɗebi iri. Wanda kuma ya sayi fakiti mai alamar F1, ya sani irin aure ne, 'ya'yansa ba sa maimaita uwa.

Ta nuna idan wuyan ya bushe kuma farce ya kasa huda ɓawon. A yanke ta da ɗan wuyanta, kada a riƙe wuyan wajen ɗaukarta, a bar ta ta sha iska kamar kwana goma. Moschata takan yi watanni a ɗaki mai sanyi, zaƙinta na ƙaruwa.

A tukunya kuwa, uwargida ta riga ta san gwajin: ta ɗaga ta ji nauyi, ta duba tsokar ta ga ja mai kauri, wanda shi ne alamar sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Irin wannan ce ke narkewa ta ɗaure miyar taushe, da gyaɗa da alayyafo da ɗan yakuwa, a zuba wa tuwon shinkafa ko waina. Mai ruwa-ruwa gara a yanka ta a gasa tukuna, ta tsane. Ganyen masu taushi ma na shiga miya, 'ya'yan da ba na iri ba kuma a soya su da gishiri a ba yara.