Kafin ki kai kuɗin rabo shagon fenti

Duk shekara in an fasa akwati aka yi rabo, ba na rasa mace biyu ko uku da za su ce min fenti za su saya: wata ɗakin amarya za ta gyara, wata shagon da take son ba da haya. Bara wata 'yar ƙungiyarmu ta sayi babban bokiti mai lita 20 a kusan rabin kuɗin da aka faɗa mata a wani shago, tana ta murna. Kafin a yi wata uku da biki, duk wadda ta jingina da bangon sai ta tashi da fari a bayan hijabi. Dole ta ci bashin ƙungiya ta sake.

Ba wai an sayar mata da abin da ba fenti ba ne. Fentin ruwa, wanda masu aikin ke kira imalshan, abu huɗu ne a cikinsa: sinadarin launi, da danƙon da ke riƙe shi a bango, da garin alli na ciko, sai ruwa. Launin da danƙon su ne masu tsada, yawanci ma daga waje ake shigo da su, shi ya sa in dala ta hau fenti ke binta. Alli da ruwa kuwa araha ne. To mai son ya sayar da araha me zai yi? Sai ya rage danƙo ya cika alli. Bokitin ga nauyi ga kauri, amma in ya bushe ba abin da ke riƙe shi.

Ko manyan kamfanoni irin su Berger da Dulux ba fenti iri ɗaya suke yi ba. Akwai mai sauƙin kuɗi da 'yan kwangila ke ɗauka don sabon gini, yana rufe bango amma ba ya son goga. Akwai kuma mai ɗan sheƙi da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Ni dai ɗakin da yara ke ciki ko shagon abinci, na biyun nake ba da shawara. Silin da ba mai taɓa shi, sa masa mai araha ba laifi.

Mu yi lissafi irin namu na taro. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, in an cire ƙofa da taga, bangonsa kusan murabba'in mita 40 ne. Fenti mai kyau lita ɗaya tana rufe wajen mita 10 a bango mai sumul, kuma ana rubuta wannan a jikin bokiti. Ke nan galan ɗaya mai lita 4 shafa ɗaya ne, galan biyu sun gama ɗakin. Mai allin nan sai an shafa sau uku ko huɗu, ga kuɗin mai aiki ya ƙaru. Kin ga ashe 'yar uwarmu ba ta ma buƙaci lita 20 ba tun farko.

Sai maganar farashi. Mai fenti a wurin dila yake saye a kuɗin sari, ke kuma a shagon unguwa, inda aka ɗora riba da kuɗin mota. In ku uku ne ke son fenti, ku yarda da launi ɗaya ku je wurin dila tare, babban bokiti ya fi galan biyar sauƙi. Ku duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba, domin ana ɗura wani fentin a tsohon bokitin kamfani. Ku nemi tambarin NIS na hukumar SON, ku karɓi rasit.

Don Allah kada ki haɗa wa mai aiki kuɗin kaya da na aiki a dunƙule. Ba duka ne ke ha'inci ba, amma in ribarsa tana cikin abin da ya rage, ruwa zai yi yawa a bokiti. Ki sayo da kanki, a buɗe a gabanki. In sabon filasta ne, a bar shi kamar wata guda ya bushe tukuna. Ranar aiki kuma ki sa ya fara shafa ɗan wuri a bayan ƙofa, washegari ki murza da tafin hannu. In fari ya fito, a tsaya a nan.