UWARGIDA, KI SAURARI BARCIN YARONKI

Yaro mai mura yakan yi minshari kwana biyu ko uku, mura ta tafi, minshari ya tafi. Wannan ba kome. Amma idan yaronki ba ya mura, kuma yana minshari dare 3 ko fiye a kowane mako, to, kada ki ce gadon ubansa ya yi. Ki kawo shi a duba.

ME KE FARUWA?

A gefe biyu na maƙogwaro akwai tsoka guda biyu da likitoci ke kira tonsil. A bayan hanci ma akwai wata irinsu, ba a ganinta ta baki. Sukan girma sosai tsakanin shekara 2 zuwa 8. In yaro ya yi barci naman wuyansa yakan saki, sai waɗannan tsokoki su tare hanyar iska. Ƙirji na ta ƙoƙari, iska ba ta shiga. Sai ya zabura ya ja numfashi, ya koma barci, hanya ta sake toshewa. Haka zai kwana. Yaro mai ƙiba da mai amosanin jini, wato sikila, sun fi kamuwa.

KI LURA DA DARE

Ki zauna kusa da shi bayan barci ya yi nisa, ki ɗaga rigarsa. Za ki ji minshari, sai shiru, sannan ya ja iska da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. Wannan shirun shi ne abin tsoro, ba ƙarar ba. Ki duba ko ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko bakinsa a buɗe, ko ya tanƙwasa wuya baya. Wani yakan jiƙe da gumi ko a lokacin hunturu, ya yi ta juyi a tabarma. Wani kuma ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Kada ki doke shi.

Da rana ba lalle ya yi gyangyaɗi ba. Sau da yawa rigima ce da rashin zama wuri ɗaya, ko ciwon kai da safe, ko malam ya ce ba ya riƙe karatu. Wani ba ya ƙara nauyi, ko da yana cin abinci.

A ASIBITI

Yaro a farke lafiya lau yake numfashi, saboda haka abin da kika gani shi ne rabin aikin likita. In da waya a gida, ki ɗauki bidiyonsa yana barci, ƙirji a buɗe, ki zo da shi. Za mu auna nauyi da tsawo, a haska maƙogwaro da hanci. Daga nan ana iya tura ki wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Awon da ke tabbatar da cutar shi ne awon barci: yaro ya kwana a babban asibiti, a manna masa wayoyi masu auna numfashi, bugun zuciya da iskar da ke cikin jini. Ba allura, ba zafi. Wani maganin fesawa a hanci ya ishe shi, wani sai an yi masa aiki an cire tsokar.

KADA KI KAI SHI WURIN WANZAMI!

Cire belu ba ya buɗe hanyar nan. Abin da yake jawowa shi ne zubar jini da sandarewar wuya. Kada ki ba shi maganin tari mai sa barci, yana ƙara toshewar. Ki nisanta shi da hayaƙin taba da na murhu.

Jariri kuwa, in numfashinsa ya tsaya har daƙiƙa 20, ko leɓe da harshe suka yi duhu, ko jikinsa ya saki, kada ki jira gari ya waye.

In maigida ma yana minshari da ɗaukewar numfashi, yana gyangyaɗi da rana, ki lallaɓa shi ya zo a auna masa hawan jini, musamman in direba ne.

Ki zo da katin awon yaro.