Ƙananan dogarai a cikin jini da sankarar yara

Duk shekara idan damina ta nutsa, ɗakin yara na asibitin Magaria kan cika maƙil. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a wurin tun 2005, kuma yawancin yaran da ake kawowa daga ƙauyukan Magaria da Dungass zazzaɓin cizon sauro ne ko tamowa ke damunsu. Sankarar jini kuwa da irin kamanninsu take zuwa: zazzaɓi, idanu da tafin hannu su yi fari, saifa ta kumbura. Shi ya sa take iya sajewa cikin taro.

A ɓargo cutar take farawa. Fararen ƙwayoyin jini da ba su nuna ba su yi ta hayayyafa har su toshe wa masu lafiya wuri. Ita ce kan gaba a sankarar yara, kuma nau'inta mafi yawa ya fi kama ƴan shekara 2 zuwa 5.

Me ke sa ƙwaya ta ƙi tsayawa? Da can masana sun fi zuba ido kan sassan gado masu ƙera furotin, alhali ba su kai kashi 2 cikin 100 na DNA ɗinmu ba. Sauran har shara aka riƙa kiransa, wanda a ganina gaggawa ce kawai. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna nazarin wata ƴar tsutsa a Amurka, suka gano guntun RNA da ba ya ƙera komai, aikinsa tare saƙo. Sun samu kyautar Nobel a 2024. Kamar a fada ne: DNA ta ba da umarni, manzo ya ɗauka, waɗannan guntaye kuma dogarai ne da ke yanke wanda zai wuce ƙofa. Idan dogarin da ke hana yawan hayayyafa ya ɓace, ko wanda ke danne saƙon masu tsawatar wa ƙwaya ya yi yawa, ɓarna ta samu hanya.

A 2002 aka ga biyu daga cikin waɗannan dogarai, miR-15 da miR-16, sun ɓace a wata sankarar jini ta manya. A yara kuma, miR-196b yakan hau sosai a wani nau'i mai tsanani da ke kama jarirai. Shi kuwa miR-125b-2 yana zaune a kan kuromozom na 21, wanda yara masu larurar Down ke da uku maimakon biyu, kuma a 2010 aka nuna yana da hannu a sankarar jinin da ke yawan kama su.

Fatan masana shi ne a riƙa gane nau'in cutar da yadda za ta karɓi magani daga ɗan jini kaɗan. Har yanzu dai a ɗakin bincike maganar take. Abin da ke hannu yau shi ne ƙirgen ƙwayoyin jini da duba shi a madubin likita. Yaron da aka yi wa maganin zazzaɓi bai sauka ba, aka ƙara masa jini ya sake zubewa, ga dasashi na jini ko ciwon ƙashi, iyaye su nemi a yi masa wannan awo, a tura su babban asibitin Damagaram idan ta kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba, kuma jinkirin gano cutar na cikin manyan dalilai.