Tsawa Ba Ta Koyar Da Aiki

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ofisoshinmu da masana'antu da shaguna, wadda ake raɗa wa duk wanda aka ƙara wa girma tun bai gama zama a kan sabuwar kujerarsa ba, wai ya ɗaure fuska, kada ya kuskura ya nemi ra'ayin na ƙasa da shi, domin da zarar yaro ya ga shugabansa yana tambayarsa, to raini ya shiga, kuma raini in ya shiga ba ya fita. Na gaji da jin wannan magana, na kuma gaji da ganin ɓarnar da take yi, domin ta mai da mutanen kirki, masu kunya da ladabi a gidajensu, sun zama abin tsoro a wurin aiki, ba abin da ke fita daga bakinsu tun daga safe har a tashi sai "Ni na ce," da "Ba a ɗauke ka don ka yi tunani ba," da "Ka jira takardar tuhuma."

Abin da nake kira zuwa gare shi ba baƙon abu ba ne. Masana harkar shugabanci suna kwatanta shi da aikin koci, mai horar da 'yan wasa, wanda ba ya shiga fili ya buga da kansa, amma yana lura, yana tambaya, yana gyara, har ɗan wasa ya fitar da abin da Allah Ya hore masa. Wani Baturen Ingila, John Whitmore, wanda a da direban tseren mota ne, shi ya yi fice wajen ɗauko wannan hanya daga filin wasa zuwa ofis, a littafin da ya wallafa a 1992. Ta'arifin ke nan a taƙaice, sai mu koma ga shubuhar da ta hana mutanenmu karɓarsa.

Masu cewa tambaya tana jawo raini, da sun tsaya sun yi nazari a kan abin da tsawa take haifarwa, da sun ga cewa ɗiyarta ta fari ita ce shiru, kuma shirun ma'aikaci bala'i ne ga shugabansa. Akawun da aka zage shi jiya a gaban jama'a saboda ya kawo labarin kuskure, yau in ya ga wani kuskuren da ya fi na jiya girma, zai naɗe fayil ɗin ya tura ƙarƙashin sauran, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe," alhali ba a gama komai ba. Shugaba kuwa sai ya koma gida yana murna cewa ofishinsa lafiya lau, ba mai musu, ba mai ƙorafi, har ranar da masu binciken kuɗi za su zo su tone abin da kowa ya sani tun watanni, ban da shi.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar mas'ala ce, to ya saurari abin da ya faru ranar 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, inda manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasa rayukansu. Dalilan haɗarin suna da yawa, har da rikicewar magana ta rediyo, amma ɗaya daga cikin abubuwan da masu bincike suka lura da su shi ne cewa matuƙin jirgin KLM babba ne ƙwarai a kamfaninsa, shi ne ma shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi, kuma a daidai lokacin da ya kama gudun tashi, injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya kauce daga titin, shi kuwa ya amsa da tabbaci cewa ya kauce, injiniyan bai sake cewa uffan ba. Shakkarsa gaskiya ce, amma girman wanda ke gabansa ya rinjaye ta. Bayan wannan da wasu haɗurra makamantansa ne kamfanonin jiragen sama, tun daga farkon shekarun 1980, suka shiga koya wa manyan matuƙa yadda za su nemi maganar na ƙasa da su, suna kuma koya wa ƙanana yadda za su dage a kan abin da suka gani. Darajar matuƙi kuwa ba ta zube saboda haka ba.

Haka nan wata malama a Jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, da ta yi bincike a asibitoci cikin shekarun 1990, ta zaci za ta tarar cewa ɓangarorin da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani a rubuce, sai ta tarar da akasin haka, su suka fi yawan rubuta kuskure. Da ta bi diddigi sai ta gane cewa a can ma'aikatan jinya ba sa tsoron faɗin abin da ya faru, a sauran wuraren kuwa ana binne shi. Kamfanin Google ma, wanda injiniyoyinsa suka daɗe suna shakkar amfanin manajoji, ya fara nasa binciken a 2008 a kan abin da ya bambanta nagarin manaja da sauran, ya fitar da halaye takwas, na farkonsu iya horar da mutane, ƙwarewa a kan fasahar aikin kuwa ita ta zo ƙarshe.

La'alla wani ya ce wannan duk al'adar Nasara ce, mu nan yaro sai da bulala. To, ina jawo hankalinsa zuwa ga abin da ya fi kowane bincike nauyi a wurinmu. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma a Madina, ya kuma ba da shaida, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa a tsawon wannan lokaci bai taɓa jin kalmar ƙosawa ko tuhuma daga gare shi ba. Malaman sira sun kawo cewa a Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Hubab ɗan Munzir ya ba da shawarar a canza masauki a koma kusa da rijiyoyi, aka karɓa. A shekara ta 5 kuma Salmanul Farisi ya kawo dabarar haƙa gwalalo, aka bi. Imam Abu Hanifa a Kufa yakan jefa mas'ala a tsakiyar almajiransa, ya bar su su yi ta jayayya da hujjoji kafin a tsayar da hukunci, kuma daga wannan majalisi Abu Yusuf ya fito, wanda ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid. Shin waninmu, shugaban sashe ne ko babban sakatare, yana jin ya fi waɗannan kwarjini har zai ce tambaya za ta rage masa daraja?

Gaskiyar al'amari ita ce mun cakuɗa haiba da tsoro, alhali tsakaninsu akwai nisa. Tsoro yana aiki ne muddin takun takalmin shugaba na kusa, da ya ba da baya sai a koma hira da latsa waya. Haiba kuwa, wadda adalci da cika alkawari da sanin aiki ke haifarwa, tana nan ko mai ita ya tafi aikin Hajji. Raini yana zuwa ne daga wasu ƙofofi da kowa ya sani: shugaba ya yi ƙarya a kama shi, ya fifita ɗan garinsu, ya ci guminka a gaban manyansa, ko ya ɗora maka laifin da shi ya aikata. Mai neman tsare mutuncinsa waɗannan ya kamata ya toshe, ya bar ƙofar tambaya a buɗe, tun da magabata sun riga sun ce matambayi ba ya ɓata.

A ƙarƙashin wannan shubuha akwai wata cuta da ba a cika furtawa ba, ita ce rowar ilimi, wato tsoron cewa in ka koya wa yaro duk abin da ka sani zai ture ka. Mai wannan hali yana kama da maigidan da ya tara makullan ɗakuna duka a aljihunsa, ranar da tafiya ta kama shi sai iyalinsa su kwana a tsakar gida. Kuma hukumar da ta lura cewa ba wanda zai iya riƙe kujerarsa, ba za ta yi gaggawar ɗaga shi zuwa wadda ta fi ta ba. Ban manta ba cewa ƙarancin albashi da rashin kayan aiki da son kai wajen ƙarin girma su ma suna kashe zuciyar ma'aikata, amma waɗannan ba su a hannun kowane shugaba, harshensa kuwa yana hannunsa.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara. Da farko, shugaba ya keɓe lokaci sananne, ko da rabin sa'a ne a mako biyu, ya zauna da kowane ma'aikacinsa shi kaɗai, ya ajiye waya, ya hana masu shigowa, kuma ya bar ma'aikacin ya fara magana. In mace ce, a yi zaman inda idon jama'a ke kaiwa, don kare mutuncin kowa. In dattijo ne da ya girmi shugaban, a kira shi Baba ko Malam, a fara da neman abin da shekaru suka koya masa, domin masinjan da ya shekara ashirin a ma'aikata ya san inda takardu ke maƙalewa fiye da sabon darakta.

Na biyu, in ma'aikaci ya zo da matsala yana cewa, "Yallaɓai, yaya za a yi?", kada a yi saurin ba shi amsa, ko da tana kan harshe. Whitmore ya yaɗa matakai huɗu da kowa zai iya riƙewa: a tambaye shi me yake so ya cim ma; sa'an nan yaya al'amarin yake a yanzu, me ya riga ya gwada; sa'an nan waɗanne hanyoyi yake gani, a matsa masa har ya kawo biyu ko uku; daga ƙarshe wacce zai bi, yaushe, kuma wane taimako yake bukata. Bayan kowace tambaya a yi haƙuri da shiru, domin da yawa daga cikinmu mukan yi tambaya mu amsa wa kanmu kafin yaro ya haɗiye yawu. A kuma guji tambayar da tuhuma ce aka yi wa ado, irin su "Wane ne ya sa ka?" da "Kai ba ka da hankali ne?", a maye gurbinsu da "Me ya faru?" da "In da za a sake, me za ka canza?"

Na uku, wanda bai san komai ba tukuna, zalunci ne a dame shi da tambayoyi. Shi koyarwa yake bukata. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da masana'antun Amurka suka cika da sababbin hannu, gwamnatin ƙasar ta tsara wa shugabannin leburori hanya mai matakai huɗu, wadda daga baya kamfanin Toyota na Japan ya ɗauka: a kwantar da hankalin mai koyo a gano abin da ya sani, a nuna masa aikin daki-daki ana bayyana dalilin kowane mataki, a sa shi ya yi da hannunsa yana faɗin abin da yake yi, sa'an nan a bar shi amma a riƙa leƙowa. Ƙa'idarsu ita ce in almajiri bai koya ba, a tuhumi malamin. Telolinmu da kanikawanmu na kirki haka suke yi tun ba su ji labarin Toyota ba, shi ya sa suke yaye yara su buɗe nasu shago.

Na huɗu, gyara ya zama a keɓe, da wuri, kuma a kan aiki. A ce, "Rahoton nan ya zo bayan kwana uku da wa'adi, har taro ya wuce ba mu da alƙaluma," kada a ce, "Kai dai malalaci ne." Ibn Rajab ya rubuta risala guda a kan bambanci tsakanin nasiha da aibatawa, wanda ke nuna cewa malamanmu sun daɗe da sanin illar tozarta mutum da sunan gyara shi. Shi ma ma'aikaci ya tuna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ya karɓa ba tare da kumbura fuska ba. Yabo kuwa a yi shi a bainar jama'a, a ambaci sunan mai aikin a gaban manya.

Na biyar, a miƙa aiki ɗungurungum, a faɗi sakamakon da ake so da wa'adi da iyakar iko, sa'an nan a janye hannu, ko da ya bi hanyar da ba ita shugaba zai bi ba. In ya yi kuskuren mai koyo, shugaba ya ɗauki nauyin a gaban na sama, ya dawo su yi bita tare. Wannan duka bai soke umarni ba: ranar gobara ko haɗari ba a zaman shawara, kuma mai ha'inci da satar dukiyar jama'a hukunci ya dace da shi.

Ya ku waɗanda Allah Ya ɗora a kan mutane, ko biyu ne ko dubu, ku sani cewa ma'aikatan nan amana ce, kuma za a tambaye ku a kansu kamar yadda za a tambaye ku a kan kuɗin da ke cikin asusu. Kowa ya auna kansa da abu biyu: yadda aiki ke tafiya in ya tafi hutu, da yawan waɗanda suka taso a hannunsa har suka riƙe wuri da kansu. Wanda ya ga awonsa bai cika ba, ya fara tun gobe da mutum ɗaya, ya kira shi, ya tambaye shi abin da ke hana shi aiki, ya kuma daure ya ji amsar har ƙarshe. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.