Me ke cikin tabar lofe ta Ingila?

Dattijon Jakara da ya saba da garin taba mai kanwa irin na Kasuwar Kurmi, in aka miƙa masa tabar lofe ta Ingila, ƙaurinta zai fara ji. Ƙaurin na Latakiya ne, ganyen da ya ci sunan wani birni a Siriya, ana busar da shi da hayaƙin itace. Daga baya galibinsa daga tsibirin Saifurus ya riƙa fitowa. Sai ganyen Bajiniya mai zaƙi-zaƙi da na Turkiyya mai yaji-yaji.

A haɗi mai sauƙi (sauƙin ɗanɗano, illarta ga baki da huhu tana nan), Latakiya kaɗan ake barbaɗawa, kayan ƙamshi ma ɗis, don kada su danne zaƙin Bajiniya.