Daga Gandun Shanu Zuwa Kotun Ƙoli: Tunawa da Sandra Day O'Connor

A ranar 1 ga watan Disamba na shekarar 2023, wata dattijuwa mai suna Sandra Day O'Connor ta rasu a birnin Phoenix na jihar Arizona a ƙasar Amurka, tana da shekara 93 a duniya. Yawancin mutane sun san ta ne a matsayin mace ta farko da ta zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka. To, amma a wannan ɗan rubutu muna so mu duba wani gefe na rayuwarta wanda ba a cika magana a kansa ba, wato yadda tasowarta a gandun kiwon shanu ta sa ta san darajar fili, da yadda ta yi hukunci kan filayen mutane, da kuma yadda ta ƙare rayuwarta tana koyar da yara.

An haifi Sandra ranar 26 ga Maris, 1930, a garin El Paso na jihar Teksas. Amma gidansu yana can cikin daji ne, a wani gandun kiwo da ake kira Lazy B, a kan iyakar jihohin Arizona da New Mexico. Kakanta ne ya kafa gandun tun 1880. Girmansa ya wuce eka 150,000, sai dai kada mai karatu ya ji wannan adadi ya ɗauka wurin dausayi ne. Ƙasa ce busasshiya, ruwan sama kaɗan ne, ciyawa kuma tsilli-tsilli, don haka saniya ɗaya tana bukatar fili mai yawa kafin ta ƙoshi. Abin da ke raya dabbobin shi ne rijiyoyi da injinan iska masu jawo ruwa. Idan inji ɗaya ya lalace aka yi sakaci, cikin 'yan kwanaki sai a tarar da gawar shanu. Bugu da ƙari, ɗan kaɗan ne daga cikin filin yake mallakar iyalinsu. Mafi yawansa na gwamnati ne, haya suke biya su yi kiwo a kai. Wato tun tana ƙarama ta san cewa cinsu da shansu sun rataya ne a kan dokar fili da kuma shawarar da wasu ma'aikata suke yankewa a ofisoshi masu nisa.

Gidan ba shi da lantarki ko ruwan famfo sai da ta kai shekara 7. Abokan hirarta su ne makiyayan da ke aiki wa mahaifinta, irin waɗanda muke gani a silima muna ce musu kaboyi. A wurinsu ta koyi hawan doki, da harbin bindiga, da tuƙin mota tun ƙafarta da kyar take kaiwa ga birki. A cikin littafin da ta rubuta tare da ƙanenta a 2002, mai suna Lazy B, ta ba da labarin wata rana da aka aike ta ta kai wa ma'aikata abincin rana a wurin da ake tattara shanu. Tana cikin tafiya sai taya ta yi faci a inda babu kowa. Ta yi ta fama ita kaɗai cikin zafin rana har ta sauya tayar, ta isa a makare tana tsammanin za a yaba mata. Mahaifinta bai yaba ba. Abin da ya nuna mata shi ne, kamata ya yi ta fito da wuri, domin mai tafiya a daji ya san komai yana iya faruwa. Ai da sanyin safiya ake kamun fara.

Da yake babu makarantar kirki kusa, sai aka kai ta wurin kakarta a El Paso don karatu. Tana da shekara 16 ta shiga Jami'ar Stanford a jihar Kalifoniya. Ta sami digiri a fannin tattalin arziki a 1950, sannan ta gama karatun lauya a 1952. Duk da cewa tana cikin waɗanda suka fi ƙwazo a ajinsu, kamfanonin lauyoyi sun ƙi ɗaukarta saboda ita mace ce. Wani kamfani ma aikin sakatariya ya ce zai ba ta. Ba ta zauna tana kuka ba. Ta je ofishin lauyan gundumar San Mateo ta ce za ta fara aiki ko ba albashi. Bayan ta yi aure ta zauna a Jamus tare da mijinta na 'yan shekaru, suka dawo Arizona a 1957, inda ta buɗe ƙaramin ofishin lauya a wata unguwa da ke gefen Phoenix. A nan ta riƙa karɓar ƙananan matsalolin talakawa, kamar rikicin mai gida da ɗan haya, da bin bashi, da rubuta wasiyya. Daga nan ta yi ta hawa mataki-mataki: ta shiga majalisar dattawan jihar Arizona a 1969, ta zama alƙali a 1975, sannan a 1981 Shugaba Ronald Reagan ya zaɓe ta zuwa Kotun Ƙoli. 'Yan majalisar dattawa 99 suka amince da ita, ba ko ɗaya da ya ƙi.

Yanzu bari mu zo kan maganar fili. Tsarin mulkin Amurka ya yarda gwamnati ta karɓi filin mutum ko da ba ya so, amma bisa sharaɗi biyu: a karɓa don amfanin jama'a, kuma a biya diyya ta adalci. Idan hanya za a yi, ko makaranta, ko asibiti, babu gardama. Matsalar tana tasowa ne idan gwamnati ta karɓi filin wani ta miƙa wa wani mutum dabam. Shin wannan ma amfanin jama'a ne? Sau biyu wannan tambaya ta zo gaban O'Connor.

Karo na farko a 1984 ne, daga tsibiran Hawai. A can, tun zamanin sarakunansu, filaye suna hannun mutane ƙalilan. Bincike ya nuna cewa masu fili 72 kawai suke riƙe da kashi 47 cikin 100 na ƙasar jihar, gwamnati kuma tana da kusan kashi 49. Mutum zai gina gidansa da guminsa, amma ƙasar da gidan ke kai ta wani ce, yana biyan haya. A 1967 jihar ta yi doka da ta ba da damar a karɓi irin waɗannan filaye daga manyan masu su, a biya su, a sayar wa mazauna. Masu filin suka kai ƙara. O'Connor ce ta rubuta hukuncin kotun, inda ta ce dokar ta halatta, domin karya wannan babakere amfanin jama'a ne.

Karo na biyu a 2005 ne, a garin New London na jihar Connecticut. Hukumar garin ta so ta rushe wata unguwa ta ba 'yan kasuwa wurin su gina otal da ofisoshi, kusa da wata sabuwar cibiyar bincike ta kamfanin magunguna na Pfizer. Hujjarsu ita ce za a samu ayyukan yi da ƙarin haraji. Wata mata mai suna Susette Kelo da wasu maƙwabtanta suka ƙi tashi. Alƙalai 5 suka goyi bayan hukumar, 4 suka ƙi, kuma O'Connor ce ta rubuta babban ra'ayin waɗanda suka ƙi. Ta bayyana cewa a Hawai yadda aka riƙe filayen ne yake cutar da jama'a, amma gidan Kelo bai cuci kowa ba. Ta yi gargaɗin cewa idan samun ƙarin haraji ya isa hujja, to babu gidan da ya tsira, domin kullum za a sami mai kuɗin da zai ce shi ya fi iya amfani da wurin. Masu hannu da shuni ne za su ci riba, marasa ƙarfi kuwa su kwashi kayansu.

Wasu masana sun ce ai faɗin kalaman hukuncinta na 1984 ne ya buɗe ƙofar da aka bi a 2005, kuma har yau ana wannan muhawara a makarantun lauyoyi. Abin da ba a musu a kai shi ne abin da ya biyo baya. Jihohi fiye da 40 sun gyara dokokinsu don rage ikon karɓe filaye. A New London kuwa an rushe unguwar, kamfanin ya sanar a 2009 cewa zai bar garin, filin ya yi shekaru fayau ba a gina komai ba.

A farkon 2006 ta ajiye aiki domin ta kula da mijinta da ke fama da ciwon mantuwa. Daga nan sai ta koma koyarwa. Ta koyar da ɗaliban lauya a Jami'ar Arizona, amma abin da ya fi damunta shi ne yadda yara da yawa ba su san yadda gwamnatinsu take aiki ba. A ganinta, wannan sani ba a gadonsa ta jini, dole ne kowane zamani a koya wa yaransa daga farko. Saboda haka a 2009 ta kafa shirin da aka sani da iCivics, mai koyar da 'yan makaranta ta hanyar wasannin kwamfuta kyauta. A ɗaya daga cikin wasannin, ɗalibi ne ke shugabantar ofishin lauyoyi, mutane suna kawo masa kuka, shi kuma ya gano wane 'yanci nasu aka taka. Ta ci gaba da wannan aiki har 2018, lokacin da ta sanar cewa ita ma ciwon mantuwa ya kama ta.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun fito ne daga ƙauye ko ruga, kuma wasu suna jin kunyar faɗin haka a gaban 'yan birni. Wannan mata kuwa da ta zo rubuta labarin rayuwarta, labarin shanu da rijiyoyi da makiyaya ta rubuta. Wanda ya taɓa jiran ruwan sama don dabbarsa ta rayu ya san cewa fili ya wuce lambar da ke kan takarda. Wataƙila gobe wani daga cikinmu ne zai zauna a kujerar alƙali ko a ofishin filaye, a kawo masa takardar tashin wata unguwa. Kafin ya sa hannu, ya kamata ya tambaya: wa zai amfana, kuma wa zai rasa wurin kwana?