Yadda Ake Maganin Tsagar Bango

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, da ƙadangare kaɗai ke shiga, da da sauƙi. Abin tsoro shi ne ruwa. Kusan kowace damina, musamman cikin watan Agusta, mukan ji a rediyo cewa ɗaki ya rufta wa mutane suna barci, kuma sau da yawa daga 'yar tsaga abin ya fara.

A hutun da ya wuce na koma gida Kibiya, na tarar bangon gabas na ɗakin kakata ya dare tun daga ƙarƙashin indararo har kusan ƙasa. Tsagar ta isa mutum ya zura yatsu biyu. Aka yi aka yi tsohuwa ta koma wani ɗaki, ta ce ba inda za ta, a nan aka kawo ta amarya. Sai mahaifina ya ɗauko wani tsohon magini daga Rano, ni kuwa na zama yaron aikinsa. Abin da na koya a wurinsa shi zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Da ya iso, ban ga ya taɓa ƙasa ba. Zagaya ɗakin ya yi ta yi, yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. Na ce, "Baba, ba za a fara kwaɓi ba?" Ya ce, "Yaro, kai ka taɓa ganin an ba da magani ba a san ciwo ba?"

Ashe tsaga iri biyu ce. Akwai wadda ta tsaya a yaɓe kawai, ƙanana ƙanana kamar faso a dunduniya lokacin hunturu. Dalilinta shi ne abin da muka karanta a darasin kimiyya: yumɓu yakan kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe. In ƙasar ta cika danƙo, ko an yi yaɓe mai kauri a tashi ɗaya, ko rana ta busar da shi da gaggawa, dole ya fashe. Inda ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar ƙwarya ba komai, to, yaɓen ya rabu da bango ke nan. Wannan ba ta da wuya. A ɓamɓare wanda ya saki, a share, a yayyafa ruwa, a sake yaɓawa.

Ta biyun ita ce mugunyar, wato wadda ta ratsa jikin tubali. Ita ba ciwo ba ce, alamar ciwo ce. Ko dai ruwa na kwanciya a gindin bango har harsashin gini ya zauna ta gefe ɗaya, ko gara ta cinye azara, ko saiwar itace ta shiga ƙarƙashi. A ɗakin kakata indararo ne ya fashe, ruwan soro ya riƙa bin bango maimakon ya zuba can nesa. Ga shi kuma bangon gabas ne, inda hadari ya fi tasowa da iska, ga ƙasarmu ta kudancin Kano ta fi arewacin jihar samun ruwa. Saboda haka indararon aka fara sauyawa, aka kuma cike gindin bango da ƙasa aka daɓe, aka yi masa gangara.

Akwai wata dabara da ta burge ni. Maginin ya mammanna ɗan laka a wuri uku a kan tsagar, ya ce a bar shi mako biyu. In lakan ya rabe daidai bakin tsagar, tana nan tana tafiya, cikawa ɓata ƙasa ne. In bango ya karkata ko ya yi ciki kuwa, ba zancen gyara, a kwashe mutane a rushe. Namu dai Allah ya taimaka, lakan bai motsa ba.

Kafin nan an riga an jiƙa ƙasa. Jar ƙasa aka haƙo, aka zuba mata ramno da kashin jaki, muka tattake da ƙafa, aka bar ta kwanaki tana tsima, ana dawowa ana sake cuɗawa. Ramnon shi ke riƙe ƙasa kada ta rabu in ta bushe. Ranar aiki sai na ga ya sa ƙarfe yana ƙara buɗe tsagar. Na yi zaton ɓarna yake yi, ashe so yake sabuwar ƙasa ta sami wurin kamawa. Ya sassaƙa gurabu, ya gitta guntayen azara daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai ɗinkin ƙwarya, sa'an nan ya jiƙa wurin ya riƙa cusa ƙasa daga ƙasa zuwa sama. Bai cika a rana ɗaya ba. Kullum kaɗan, sai na jiya ya sha iska.

Daga ƙarshe aka shafe bangon da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke sa yaɓe ya yi tauri ya jure ruwa. Ya ce a da masu hali laso suke sawa, ana haɗa shi da katsi na marina, da gashin jima, da dafara. Katsi kuwa ba baƙo ba ne a Rano, tun da a labarin Hausa Bakwai Kano da Rano su ne sarakunan baba. Yanzu marina ta ja baya, masu iya haɗa laso ma sun yi ƙaranci.

Ni da bakina na kawo shawarar a sayi buhun siminti a liƙe a huta. Ya yi dariya ya ce siminti da ƙasa ba sa zaman aure. Da na yi tunani na ga gaskiyarsa. Ƙasa na kumbura tana tsukewa, siminti ba ya bin ta, sai ya rabu. Ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita, bango na ruɓewa a ɓoye, mai gida na ganin waje sumul. Gidan bulo shi ke son siminti, shi ma sai an buɗe tsagar, an jiƙa, an yi kwaɓi da yashi mai kyau, an kuma yi ta ba shi ruwa kamar mako guda.

Wasu abokaina na ganin ginin ƙasa ƙauyanci ne. Amma babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka gina a 1907, na ƙasa ne, yana nan tsaye domin kowace shekara mutanen gari na fitowa su sake masa yaɓe. Mu ma lokacin wannan aiki sananne ne: da rani, bayan an kai amfanin gona gida, tun hadarin bazara bai fara haɗuwa ba.

Ranar da zan komo makaranta kakata ta riga ta mai da gadonta jikin bangon. Na bar wa ƙanena sallahu, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ya zagaya bayan ɗakin ya duba gindin bango da bakin indararo.